Farin wardi ya ƙi shan kala: yadda yankakken fure ke shan ruwa da yadda ake rina shi

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sana'ar kwalliyar wuraren biki a cikin garin Bauchi. An ba ta aikin kamun wata amarya da ta zaɓi shuɗi a matsayin kalar bikinta, sai ta sa aka kawo mata fararen furannin wardi daga Jos cikin hunturu, ta dama bula a bokiti ta tsoma su da yamma. Da gari ya waye rabinsu sun langaɓe, sauran kuma suna nan fari fat. Tana so ta san yadda furen da aka raba da saiwarsa yake shan ruwa, abin da ya hana nata rinuwa, da yadda ake yin irin wanda take gani a waya, fure ɗaya mai launi uku ko huɗu.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar miki da alheri. Abu biyu ne suka haɗu a aikin nan. Na farko, bula ba ta hawa karan fure ko da za ta yi mako a bokitin. Na biyu, wanda ya fi damuna, furannin sun iso hannunki hanyar ruwansu ta riga ta toshe, kuma ba a buɗe ta ba kafin a tsoma su. Ko da kalar kirki kika zuba, da abin da za ki gani da safe bai yi nisa da wanda kika gani ba. Furen ne da kansa yake ɗaukar kala ya kai ta sama tare da ruwan da yake sha, don haka duk wanda ba ya shan ruwa ba zai rinu ba.

Ki ɗauki kara ɗaya ki yanka shi a gicciye da sabuwar reza, ki duba bakin yankan a hasken rana. A tsakiya za ki ga totuwa fara mai laushi, daga waje kuma koren ɓawo. Tsakaninsu akwai wani zobe mai ɗan tauri. A cikin zoben nan ne jijiyoyin ruwa suke, 'yan bututu masu ɗimbin yawa da suka miƙe daga ƙasa zuwa sama, yawancinsu ba su kai kaurin silin gashi ba. Kuma matattu ne. Ƙwayoyin halittar da suka gina su sun mutu tun karan yana girma, cikinsu ya zama fanko, bangonsu ya yi tauri, suka jeru baki da baki. Shi ya sa yanke fure daga jikin uwarsa ba ya kashe hanyar ruwan, domin bututun da ba shi da rai ba ya jiran saiwa kafin ya yi aiki. Akwai wasu jijiyoyin masu rai a ƙarƙashin ɓawo da suke rarraba sukarin da ganye ya haɗa, amma ba su ne masu ɗaukar kala ba.

Mutane da yawa suna zaton saiwa ce take tura ruwa sama. Tana ɗan turawa, musamman da dare, amma babban aikin daga sama ake yin sa, kuma ja ne. A bayan kowane koren ganye akwai dubban 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, suna buɗewa da rana don shuka ta shaƙi iskar da take haɗa abinci da ita. Muddin suna buɗe, ruwa yana ficewa ta cikinsu ya bi iska. Fallayen furen ma, fararen nan masu laushi, suna rasa ruwa ta fatarsu, ko da yake ba su kai koren ganye ba. Duk abin da ya fita, sai wurin ya janyo wani ya maye gurbinsa. Shi kuwa ruwa yana da halin riƙe junansa, yana kuma manne wa bangon bututun, saboda haka a cikin siririyar jijiya yakan zama zare guda da bai tsinke ba tun daga bakin yanka har gefen fure. Idan aka ja kan zaren a sama, gindinsa ya motsa a cikin kofi. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da shuka take sha haka yake wucewa ta cikinta ya fita, ɗan kaɗan ne yake zama a jikinta.

An daɗe da gano haka. A 1727 wani malamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya wallafa gwaje-gwajen da ya yi da yankakkun rassa, inda ya nuna reshe mai ganye ya fi wanda aka zage wa ganye shan ruwa nesa ba kusa ba. A 1894 kuma Henry Dixon da John Joly a birnin Dublin suka bayyana yadda zaren ruwan yake jure ja ba tare da ya tsinke ba. Da wannan ja ɗin ne wasu itatuwa a Kaliforniya suke kai ruwa sama da mita 110. Karan wardi mai tsawon rabin mita ba wani aiki ba ne a wurinsa, in dai hanyar a buɗe take.

Matsalar daga lokacin yanka take farawa. Tun da ruwan da ke cikin karan a jaye yake, da zarar wuƙa ta ratsa shi sai zaren ya zabura sama, iska ta biyo bayansa ta cika bakin bututun. Duk mai noman rani a fadamun Jama'are ya san wannan: idan tiyon injin ban ruwa ya sha iska, injin zai yi ta ƙara amma ko ɗigo ba zai zo ba, sai an tsaya an cika tiyon da ruwa. Abin da ya ceci fure shi ne bututun nasa ba guda ɗaya ba ne tun daga ƙasa har sama. Gajeru ne da suka haɗu da juna, kuma a kowace mahaɗa akwai wata 'yar tantani mai ƙananan huda da ruwa yake ratsawa amma iska ba ta iya wucewa cikin sauƙi. Saboda haka iskar farko takan maƙale a ƙasan karan. Idan kika yanke santimita 3 zuwa 5 daga ƙasa, kika yi yankan a ƙarƙashin ruwa, kin zubar da mafi yawan bututun da suka sha iska, sabon bakin kuma da ruwa zai fara haɗuwa. Amma idan furen ya daɗe a bushe, ganye yana ta ja babu abin da ke shigowa, zaren yakan tsinke a wurare da dama can sama cikin karan. Wannan ya fi wuyar gyara.

Yanzu ki tuna hanyar da naki suka biyo. Daga Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne, ga jira a tasha kafin mota ta cika, ga kuma but ɗin mota da rana take dukansa. An yanke su a garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda sanyi yake rage musu ƙishi, suka sauko cikin busasshiyar iskar hunturu da take tsotse ruwa daga komai. Masu gonakin wardi a gefen tafkin Naivasha a Kenya, waɗanda furanninsu suke cika kasuwannin Turai, da sun yanka sai cikin bokitin ruwa, daga nan sai ɗakin sanyi, kuma a cikin sanyin suke tafiya har su isa kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan. Shi ya sa nasu yake yin kwanaki a hanya ya isa da ƙarfinsa. Ba za mu iya duk wannan ba, amma za ki iya ce wa mai kawo miki ya yanka da asuba, ya naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumma ya sa a leda, ya lulluɓe kawunan da jarida, kuma a ajiye kwalin a cikin mota inda fasinja suke.

Abu na biyu mai toshe hanya, wanda a ganina ya fi iska ɓarna a garuruwanmu masu zafi, shi ne ƙwayoyin bakteriya. Bakin yanka yana tsiyayar da ɗan ruwa mai sukari, ganyen da ya nutse yana ruɓewa, bokitin kuma wataƙila jiya an yi wanki a ciki. Cikin kwana ɗaya sun yi yawan da za su liƙe bakin bututun da yauƙi. Sun yi wa hudar tantanin nan girma, don haka a ƙasan karan suke taruwa su zama toshiya. Ki shafa gindin furen da ya kwana biyu a ruwa: idan kin ji santsi, ko ruwan ya yi dishi-dishi yana ɗan wari, su ne. Shi kuma langaɓewar kai da kika gani, dalilinsa shi ne wuyan da ke ƙarƙashin furen sabon tsiro ne, bai yi itace ba tukuna, ruwan da ya cika ƙwayoyinsa ne kaɗai yake riƙe da shi a tsaye. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ganye ya fi wuyan ƙarfin ja, sai ya kwashe ɗan abin da ke shigowa ya bar wuyan ya lanƙwashe. Idan kika lura da wuri, ki sake yanka gindin a cikin ruwa, ki naɗe furen a miƙe da jarida, ki tsayar da shi a ruwa mai ɗumi mai zurfi na awa ɗaya ko biyu. Da yawa sukan miƙe. Wanda ya kwana a lanƙwashe sau da yawa ba ya dawowa.

To, bula. Ki dama ta a kofin gilashi ki ajiye, za ki ga ta kwanta a ƙasa ruwan sama yana washewa. Gari ce mai laushi da take yawo a cikin ruwa ba tare da ta narke ba. A jikin farin kaya aikinta ke nan, ta maƙale a zare, amma a bakin karan fure sai ta zama ƙarin toshiya a kan wadda ke akwai. Shuni ma ba ya narkewa a ruwa zalla, sai a marina inda toka ta yi masa aiki, kuma wannan ruwan ƙona kara zai yi. Haka galurar rinin yadi da ake haɗawa da soda ko gishiri mai yawa. Abin da kike nema shi ne kalar abinci mai narkewa a ruwa, ta ruwa ko ta gari, irin wadda ake samu a wurin masu sayar da kayan kek a Wunti da sauran kasuwanni. Idan akwai rubutu a jikin kwalbar, shuɗin da ya fi hawa da kyau shi ne mai lamba E133, ɗorawa E102, ja kuma E129. Ki guji mai kauri kamar man shafawa da ake yi wa kek ado da ita, da kuma wadda aka haɗa da mai don cakulan. Gwajin ba wuya: ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa. Idan ruwan ya rinu amma kina hango yatsanki ta bayan kofin, kuma bayan awa ɗaya babu abin da ya kwanta a ƙasa, za ta hau.

Ga yadda nake so ki bi. Da furannin sun iso, kada ki yi maganar kala tukuna. Ki wanke bokiti da sabulu da ɗan Hypo ki ɗauraye sosai, ki zage duk ganyen da zai taɓa ruwa, ki yanka gindin a karkace a cikin baho mai ruwa da wuƙa mai kaifi ko reza. Dakushin almakashi matse bututun yake yi, kuma shawarar da wasu suke bayarwa ta a daddaka gindin da guduma ɓarna ce tsantsa. Karkacewar yankan amfaninta shi ne kada bakin ya zauna daram a ƙasan bokiti ya rufe kansa. Ki bar su su sha ruwa mai tsabta a ɗaki mai sanyi awa uku zuwa huɗu, har ki taɓa kan furen ki ji ya yi tauri. Wanda bai farfaɗo a nan ba, ki ware shi, kada ki ɓata kala a kansa. Bayan haka sai ki fitar da su ki kwantar a inuwa, minti talatin a hunturu ko bazara, awa guda a damina, don su ji ɗan ƙishi. Wannan ƙishin daban yake da na hanya: gajere ne, bututun a cike suke, amfaninsa kawai su zuƙi kalar da ƙarfi a awannin farko. Ki haɗa ruwan kalar da ɗumi, wajen digiri 40, domin ruwa mai ɗumi ya fi saurin ratsa siririn bututu kuma iskar da ke narke a cikinsa ba ta kai ta mai sanyi ba. Ki zuba kala da hannu sake, ɗigo 20 zuwa 30 a kofin shayi ɗaya, ko fiye idan kina son launi mai ƙarfi, har ruwan ya yi duhu. Ki matsa ɗan lemon tsami a ciki, saboda ruwa mai ɗan tsami ya fi hawa, ga shi ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana da gartsi. Idan kina shakkar ruwan unguwarku, ki yi amfani da na leda. Kada ki sa Hypo a ruwan kala, cinye launin zai yi tun a kofi. Sukari ma ki ajiye shi sai daga baya. Sai ki sake yanke santimita 2 a ƙarƙashin ruwa, ki cira ki tsoma nan take. Gajeren kara ya fi dogo saurin kai kala.

Yanayin garinmu yana da hannu a ciki sosai. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska a bushe take, fure yana zubar da ruwa da sauri, don haka kala tana hawa da sauri, amma yaushi ma yana zuwa da sauri. A wannan lokacin ki bar ganye ɗaya ko biyu kawai a sama, domin ganye yana raba kalar da furen, kuma shi kansa yakan yi dabbare-dabbare. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kai digiri 38 ko fiye, ki yi rinin da dare. A watan Agusta kuwa iska cike take da laima, ja yana raguwa, sai ki bar ganye uku ko huɗu ki kuma ƙara haƙuri. A kowane lokaci, ɗaki mai haske da iska ke ratsawa ya fi, ba cikin rana ba, ba kuma a gaban fanka ba.

Bayan awa biyu zuwa huɗu ki ɗaga falle ɗaya ki duba shi ta haske. Za ki ga 'yan layuka shuɗa sun fito daga gindinsa sun rarrabu suna tafiya gefe, tsakaninsu kuma fari ne har yanzu. Jijiyoyin ne kike gani. Daga nan sai gefen fallen ya fara yin duhu fiye da tsakiyarsa, saboda can ne ƙarshen tafiyar ruwan: shi ya fice ya bi iska, kalar da ba ta iya tashi ta tsaya ta taru. Cikar launi takan ɗauki awa 12 zuwa 24. Fallayen waje sun fi na ciki sha, tun da su iska take taɓawa, shi ya sa furen da ya buɗe rabi ya fi dacewa da rini. Wanda yake a dunƙule, zai buɗe daga baya ki ga cikinsa fari-fari. Ki gaya wa amarya tun da wuri cewa launin ba zai zo bai ɗaya ba, zai zo da jijiya-jijiya da duhun gefe. Ni a wurina nan kyansa yake, kuma da haka ake bambanta shi da na roba. Idan awa shida ta wuce ba ki ga komai ba, ki yanka kara ɗaya gunduwa-gunduwa daga ƙasa. Inda ruwa ya bi za ki ga zoben ya yi ɗigo-ɗigon shuɗi, kuma inda ɗigon suka ƙare nan toshiyar take.

Kala ƙari take yi a kan launin da furen ya zo da shi, ba ta goge shi. Fari tas shi ne yake ba da shuɗi na gaskiya. Mai ruwan madara yakan ja shuɗin ya yi kore-kore, ɗorawa da shuɗi kore ne kai tsaye, ruwan hoda da shuɗi kuma shunayya. Jan wardi ba ya nuna komai sai ɗan duhu. Baƙar kalar abinci haɗi ce ta launuka da yawa, kuma ba gudu ɗaya suke yi a cikin kara ba, don haka abin da ake samu sau da yawa shunayya ce mai duhu ko shuɗi mai duhu.

Mai launi uku ko huɗu da kike gani a waya, masu sana'ar fure a Holan ne suka fito da shi kasuwa, kuma sun fi yin amfani da wani irin farin wardi mai ruwan madara da ake kira Vendela. Manyan kamfanoni suna da dabarunsu, amma tushen abin a hannunki yake. Jijiyoyin ruwa kusan a miƙe suke tafiya, ba sa cakuɗa ruwansu sosai da na gefe, saboda haka kowane ɓangaren kara yana da fallayen da yake shayarwa. Ki tsaga gindin karan a tsaye, tsawon santimita 8 zuwa 10, gida biyu ko uku, ki ɗaure saman tsagar da zare don kada ta ci gaba, ki sa kowace ƙafa a 'yar kwalbarta mai kala daban. Ki haɗe kwalaben da roba su matsu da juna don kada ƙafafun su buɗe da yawa su karye, ki jingina kan furen da bango. Ki yi tsagar da sauri, karan a jiƙe, domin a nan iska ta samu ƙofa mai faɗi. Abin da ya sa launukan ba sa rabuwa gabas da yamma shi ne fallayen wardi a murɗe suke fitowa, kowane sabo yana karkata daga na bayansa da kusan digiri 137, sai ki ga ja kusa da shuɗi kusa da ɗorawa. Fallen da yake sha daga ɓangare biyu kuma yakan fito rabi da rabi, da sirki a tsakiya. Ki zaɓi ja da ɗorawa da shuɗi, inda suka haɗu za su ba ki kore da shunayya da ruwan goro. Ki fara da gida biyu a kan kara mai kauri har hannunki ya faɗa. Ki sani kuma tsagaggen fure ba ya daɗewa kamar wanda ba a tsaga ba, kuma bayan rini yanke tsagar za ki yi gaba ɗaya, don haka ki sayi masu dogon kara.

Da launin ya kai yadda kike so, ki fitar, ki ɗauraye karan, ki yanke gindin da ya jiƙu da kala, ki mayar da furen cikin ruwan ajiya. A lita ɗaya ta ruwa, ki sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami, babban cokali ɗaya na sukari, da rabin ƙaramin cokali na Hypo ko Jik. Kowanne a cikin ruwan za ki zuba shi. Kada ki taɓa haɗa lemon tsami da Hypo su kaɗai a kofi, iska mai guba suke fitarwa. Sukarin abinci ne, tun da furen ba shi da isasshen ganye kuma a ɗaki yake, da shi fallaye suke janyo ruwa su kumbura su buɗe. Amma sukari ba tare da maganin ƙwayoyin ba, bakteriya kika ciyar. Ki canza ruwan kullum a lokacin zafi, kina rage gindin kaɗan. Ki nisanta bokitin daga ayaba da mangwaro da tumatir masu nuna, da kuma hayaƙin janareta, domin duk suna fitar da iskar etilin mai saurin tsufar da fure. Firij yana taimakawa idan babu 'ya'yan itace a ciki, amma ba ɓangaren ƙanƙara ba. Idan babu wuta, ki naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Lissafin kwanaki kuma, furen ya iso kwana biyu kafin ranar aiki, kuma ki sayi rara, don a kowane ɗauri sai an samu masu ƙin sha.

Akwai abin da nake so ki sani don kada a cuce ki. Wardi ba shi da ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin delfinidin, wanda yake ba furanni da yawa launin shuɗi, saboda haka duk shuɗin wardi mai haske da kika gani rinanne ne. Kamfanin Suntory na Japan tare da Florigene na Ostireliya sun yi shekaru suna aiki a kai, suka dasa wa wardi ƙwayar gadon daga wani fure, suka sanar da nasara a 2004, aka fara sayar da shi a Japan a 2009 da sunan Applause. Duk da haka launinsa shunayya ce mai haske. Don haka masu tallar irin shuɗin wardi ko irin mai launuka bakwai a intanet, ƙarya suke sayarwa. Kala ba ta shiga gado, a fallen da ta taru nan take ƙarewa. Haka kuma ba za ki rina wardin da ke tukunya ta hanyar yi masa ban ruwa da kala ba. A cikin saiwa akwai wani shinge da yake tilasta wa ruwa ya bi ta cikin ƙwayoyin halitta masu rai, su kuma suna tace abin da zai wuce. Yanka ne yake kawar da wannan shingen, shi ya sa yankakken fure kaɗai yake rinuwa.

Idan kina so ki gwada kala kafin ki kashe kuɗi, ki tsoma gindin farin ganyen kabeji a ciki ya kwana, jijiyoyinsa za su nuna miki ko tana hawa. Sannan kada a soka rinannen fure a jikin kek kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi a yi ruwan wardi. Kalar ta abinci ce, amma furen kasuwa an yi masa feshin maganin ƙwari a gona, ga Hypo da ya kwana a ciki. Idan dole sai an ɗora a kek, a naɗe karan da leda a sa wani abu tsakaninsa da kek ɗin. Wanda amarya za ta riƙe kuma, ki tsane gindinsa da tsumma ki naɗe shi da kyau, domin bakin yanka yana iya ɗigar da kala a kan farin leshi, haka ma fallayen idan ruwa ya taɓa su.